Kwale-kwalen Baba

"To a tare jirgin dakon gas ɗaya mana, lauya," in ji Masliah, tana girgiza tukunyar gas ɗin da ta ƙare tun shekaranjiya. "Ɗaya tak, garin nan ya dafa abinci."

"Yaya, ba haka abin yake ba." Ƙanwarta Rusdiana ta sassauta murya. Jiya ta iso daga babban birni, inda take lauya a wani ofishin gwamnati. "Akwai yarjejeniya da kamfanonin waje. Ranar da muka tare jirgi, kotun duniya za su maka mu, diyyar sai jikokinmu sun biya. Ni na rubuta shawarar."

"Ashe ma ke ce."

Inna na zaune tana shafa gyalen silikin da Rusdiana ta kawo mata daga Tokyo, kamar mai lallashin jariri. "Ƙyale ta ta huta. Ƙasa guda take ɗauke da ita a ka."

Masliah ta dubi hannayenta da wankin Inna ya cinye.

* * *

Gobe ce addu'ar shekara ta marigayi Baba. Unguwa duka za ta zo cin shinkafa da gasasshen kifi, ranar da kaɗai ake cewa, "Kai, hannun Masliah!" Ga damina ta jiƙa itace, ga layin gas an watse babu.

Ta taga Masliah tana hango wutar matatar gas tana ci a bakin teku, ba ta mutuwa. Wani farin jirgi ya kama hanyar arewa. Ta raya a ranta wata mata can Tokyo, mai taushin hannu irin na Rusdiana, tana murɗa murhu, shuɗiyar wuta ta tashi.

"Kada ki damu, Yaya," in ji Rusdiana. "Zan sa a kawo daga gidan abinci."

Fuskar Inna ta haskaka. "Kin ji 'yar albarka."

Wato har wannan ranar ma za a ƙwace wa Masliah.

Masliah ta sauka ƙarƙashin gidan, wanda aka gina a kan dogayen dirkoki, inda kwale-kwalen Baba yake kife a bushe tun da aka hana masunta bin hanyar jiragen. Inna ba ta bari ko kaza ta hau shi. Ta shafa katakon, ta ɗauki gatari, ta ɗaga murya yadda za su ji ta sama.

"Ba za a sayo komai ba. Kwale-kwalen Baba zan faskara. Shi dai ba wanda zai kai mu kotu a kansa."