Ƙofar Ɗakin Nababa

"Kar ku ja shi ta hannu," in ji Ortese. "Ku kama tabarma."

Nababa na kwance a ƙasa tsakanin gado da firij. Maƙwabcina ne a unguwar Akurba, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma dillalin doya ne a kasuwa. Da hantsin ranar ya miƙe zai ɗauko hularsa, sai ya zube. Ihun matarsa Lami ne ya shigo da ni. Ortese kuwa, manomin da ke kawo masa doya daga wajen Awe, ya zo da a-kori-kurarsa ya tarar da abin. Wasu mutum biyu kuma daga titi aka kirawo su.

Bakin Nababa ya karkace. Idonsa a buɗe, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Numfashinsa na fita da gurnani, kamar ana jan buhu a kan siminti.

Muka mirgina shi kan tabarmar roba, muka ja har bakin ƙofa. Nan muka tsaya. Ƙofar ƙarfe ce irin ta da, ya sa ta lokacin da ya gina ɗakin, yana saurayi siriri mai dakon doya. Shekarun nan a karkace yake shiga, sai ya riƙe numfashi ya tura kafaɗa ɗaya tukuna. A jikin ƙarfen, daidai tsayin ciki, fenti ya goge har wurin na sheƙi. Mutum a tsaye yana iya karkacewa. A kwance kuwa jiki ya saki ya baje, ƙofar ta kasa shi.

Muka gwada juya shi kan gefensa. Gurnanin ya yanke, fuskarsa ta yi duhu. Muka mai da shi rigingine da sauri, numfashin ya dawo.

"Wannan ƙofa ba zai ba shi hanya ba," in ji Ortese. "Madam, sai an fasa bango. Abeg, a kira birkila."

Lami na riƙe da kan mijinta. "A fasa? Unguwa duk ta taru, a ce sai da aka rushe ɗaki aka fitar da Alhaji?"

"Maman Nasiha," na ce wa Lami, "ko bangon ko shi."

Ta dubi ƙofar, ta dubi mijin. Na san abin da take tsoro. Maganar mutane ce ta kawo mu inda muke.

Bara ni da Nababa layi ɗaya muka bi a asibiti. Likitan ya auna mu, ya faɗa mana magana ɗaya: hawan jini, suga ya fara, a rage jiki. Ya ce rabin masu zama a bencinsa yanzu irinmu ne, har da matasa. Nababa ya ɗauki maganar da gaske. Ya bar sakwarar dare da lemon kwalba, ya ajiye babur yana zuwa kasuwa a ƙafa. Kafin damina ta fita, babbar rigarsa ta yi masa yawa.

Sai kasuwa ta fara gaishe shi da wata irin murya. "Alhaji, lafiya kuwa?" Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa. Manoma suka fara sauke doyarsu a rumfar wani, don ba mai son barin kayansa a hannun wanda ke ramewa. Yayarsa ta zo takanas daga Keana, ta zauna a tsakar gida ta ce wa Lami, ina ji ta katanga, "Na ba ki ƙanena kamar bijimin sa, kin mai da shi sillen kara. Hannunki ne ya mutu ko turmin ne ya fashe?"

Washegari turmin ya dawo aiki, safe da yamma. Sakwara da miyar agushi, man ja na yawo a kai, ga ganda. Nababa ya mai da abin da ya zubar har da ƙari. Kasuwa ta ce, "Yauwa, yanzu ka dawo Alhajinmu." Doya ta dawo rumfarsa.

"A kira birkilan," in ji Lami daga ƙarshe, a hankali.

Augustine birkila yana aiki a wani kango a bayan layinmu. Ya zo da guduma, siminti har gwiwarsa. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Bulo na da ne, mai ƙarfi. Ku rufe masa fuska."

Lami ta cire mayafinta ta riƙe shi sama da kan mijinta. Guduma ta fara sauka. Duk bugu ɗaya sai ƙasa ta zubo daga silin, kwanukan da ke kan kabad su amsa. Hannun Nababa mai lafiya ya laluba ya kama wuyan hannuna. Tafin ya yi sanyi, ga gumi. Ya motsa baki, na sunkuya, ban gane ko kalma ɗaya ba. Idonsa ba ya kan Lami, ba ya kaina, yana kan ƙofar.

Ni kuma na fara jin bugun jinina a cikin kunne. Daga jan tabarmar nan kawai, numfashina bai koma daidai ba.

Tsakar gida ta cika, maza na shigowa ba sallama. Wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Ortese ya juya. "Kai! Sauke wannan abu. Silima ne?"

"Oga, sauri," na ce wa Augustine.

"Idan na yi sauri, kan ƙofa zai faɗo muku. Ka bar ni."

Ƙarfen ya saki daga gefe ɗaya, aka tura shi waje. Tabarmar ba za ta ɗauki nauyin ba, sai Ortese ya kawo tamfol ɗin da yake rufe doya. Duk wanda ya sami gefen kamawa ya kama. Muka fito da shi ta cikin ɓaraguzai, muka ratsa zaure, muka kwantar da shi a bayan motar, doya jere a gefensa. Na hau tare da Lami.

Ba mu yi nisa a kan kwalta ba gurnanin ya tsaya. Na jira ya dawo kamar ɗazu. Lami na ta yi masa fifita da mayafin. Ortese bai sani ba, yana ta danna oda yana kauce wa masu Keke. Ban buga masa gilas na sanar da shi ba.

A asibiti ba a sauko da shi ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta hau bayan motar, ta taɓa wuyansa, ta haska idonsa, ta ce mana sai haƙuri.

Bayan la'asar aka kai shi. Masu haƙa sun ƙara faɗin kabarin. A hanya ana ta canjin kafaɗa a ƙarƙashin makara, ba mai daɗewa. A wurin zaman makoki na ji wani ɗan kasuwa na cewa, "Mutum da jikinsa, lafiyayye, ka ga ikon Allah."

Bayan sadakar uku Augustine ya dawo da bulo. Ya tambayi Lami faɗin da za a yi wa sabuwar ƙofar. Ta ce ya mai da ta yadda take. Tsohon ƙarfen na jingine a gindin mangwaro, bai lanƙwashe ba.

Na koma gida. Matata Rahmat na tsakar gida, doya na tururi a cikin turmi.

"Malam, ka dawo? Yanzu za a gama. Kwana biyun nan ba ka ci abin kirki ba, kar mutane su fara magana."

Ban amsa ba, na nufi ɗakina. Sai da na shiga na lura cewa kafaɗa ɗaya na fara turawa. Na juyo na dubi ƙarfen ƙofar. Daidai tsayin cikina, koren fentin ya fara haske. Na ɗora tafin hannuna a wurin, na ji shi sumul. A waje, taɓarya ta fara sauka.