Awon Ma'u

Tun da na yi ritaya daga koyarwa na zama mai ciwo. 'Yata ta aiko mini da na'urar awon hawan jini, kullum bayan karin kumallo sai na ɗaura ta a damtse. Idan ta nuna ɗari da arba'in, shi ke nan, in kwanta, gidanmu na Badariya kowa ya yi tafiyar sanɗa.

Ma'u kuwa, ƙawata tun muna 'yan mata a Argungu, ba ta taɓa yarda tana da ciwo ba. Shekara arba'in tana sana'ar gumi, ta jiƙa shinkafar mutane, ta turara, ta shanya. Awonta guda ne: muddin ta iya sauke tukunya daga murhu, lafiyarta lau.

Wata Laraba ta shigo Birnin Kebbi barkar haihuwa, ta biyo ta tarar da ni kwance.

"Hauwa'u, mi yas same ki kuma?"

"Jini ya hau."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ke dai kin samu wuri. Aza min abin ga in gani."

Na ɗaura mata don wasa. Na'urar ta kumbura, ta sace, ta nuna ɗari biyu da sha huɗu. Na sake, haka dai.

"Ma'u, tashi mu tai asibiti yanzu."

"Asibiti? Ni da nis sauke tukunya ukku da sahe? Shinkahwar mutane na jiƙe, in ta kwana biyu tsami za ta yi. Sai bayan girbi."

Na dube ta, ƙafa duk faso, ido garau, ta zauna daram kamar turmi. Na dubi kaina a kan katifa da kwandon magani. Wallahi kunya ce ta kama ni. Na ce a raina ƙila abin bai san jinin masu aiki ba. Ga mota a ƙofar gida, ga mai tuƙa ta, amma ban sake cewa komai ba. Na zuba mata zuma a kwalba, na raka ta bakin titi.

Kwana tara bayan nan aka tsince ta gefen murhu ba rai, tukunya na tafasa. Masu gaisuwa suna ta cewa, "Lahiyarta lau, ko ciwon kai ba ta yi ba." Na sunkuyar da kai, ni ma na ce haka ne.

Na'urar tana ajiye tsofaffin awo. 'Yata ta so ta goge, na hana ta. Kowace safiya nakan danna baya, in wuce nawa ɗaya bayan ɗaya har in iso nata. Yana nan sau biyu, Laraba, sha ɗaya da minti goma. A lokacin nan tana da rai, tana zaune a bakin gadona, kuma ni kaɗai ce na iya karanta abin da aka rubuta.