Guzurin Mako Guda

Da Zahiru ya samu karatu a Paris, uwarsa Samiha ta auna tahiyar da hanyar da ta sani. Daga garinsu Malanville zuwa Kotonu, kilomita ɗari bakwai, yini guda ne cur a mota. To, Paris mai kilomita kusan dubu biyar fa? Sai ta ɗaura mishi guzurin mako guda, soyayyen kihi da garin rogo.

"Inna, awa shidda ce a jirgi," in ji Zahiru.

"Haka direbobi ke cewa kullum."

Kawunsa Bukari ya raka shi hilin jirgin Kotonu da dare, sai da asuba ya kamo hanyar gida. Washegari da hantsi Zahiru ya kira daga Paris, har ya yi wanka. Samiha ta kira Bukari ta shaida mishi.

"Mu ko Paraku, rabin hanya, ba mu kai ba," in ji Bukari. "Da ni kika ba kihin nan."