Ƙusa a Rumbun Ain Khaled

A bayan gidan da Ɗantala ke gadi a Ain Khaled, wata unguwa a ƙasar Larabawa, akwai wani tsohon rumbu na itace. Kakan maigidan ne ya kafa shi tun kafin a san man fetur a ƙasar, yana tara dabino da ciyawar raƙuma. Sandunan, guda goma sha biyu, a jirgin ruwa aka kawo su daga Zanzibar, baƙaƙe wuluk, kuma duk mahaɗarsu da igiyar sassaƙen kwakwa aka ɗaure. Ɗantala ɗan magini ne daga Zariya, ya tashi cikin ƙirga azara, sai ya ji rumbun nan kamar ɗan'uwansa ne da ya riga shi zuwa ci-rani.

Da ginin ya fara karkata, maigidan ya ce a gyara kafin Alhamis, in ba haka ba katafila ta share wurin a yi wa motoci rumfa. Aka ɗauko Bawah, kafinta ɗan Zangon Kumasi, daga Asian Town, unguwar leburori 'yan ci-rani.

Ɗantala ya dawo daga sallar Azahar ya tarar da igiyoyin a ƙasa, an yayyanka su.

"Malam Bawah! Me ka yi haka?"

"Massa, maigida, igiya ya ruɓe. Ƙusa zan sa, ya zauna daram."

"Wannan icen ba ya shan ƙusa! Shekara nawa ya yi yana bushewa? Ɗaure shi ake yi, zafi ya buɗe shi, sanyi ya tsuke shi, igiya na binsa. Wanda ya gina shi ai ba jahili ba ne."

Bawah ya yi dariya, ƙusoshi a baki. "Mai gadi ya zama injiniya! Yalla, maza koma ƙofarka. Shekarata ashirin da guduma."

"Shekara ashirin kana ɓarna kenan."

Aka dinga bugu. Kowane bugun guduma Ɗantala yana jinsa a haƙarƙarinsa. A sanda ta huɗu sai aka ji ƙara, tsaga ta bi icen tun daga sama har gindi, kamar an fasa rake. Suka waiga, ashe ukun farko ma sun buɗe baki. Bawah ya sauko daga tsani, ya shafa tsagar da yatsa.

"Buga mana," in ji Ɗantala. "Ai saura takwas."

Ran Alhamis maigidan ya leƙo, ko gilashin ido bai cire ba. Ɗantala ya bi shi da guntun Larabcinsa yana roƙo, a ba shi mako guda da igiya, zai ɗaure sauran da hannunsa. Mutumin ya dubi tsagar, ya dubi agogo.

"Khalas," in ji shi, wato magana ta ƙare.

Katafila ta iso ran Asabar da hantsi, direban yana ta danna ham. Ɗantala ya daɗe tsaye da makulli a hannu, fuskarsa murtuke. Da yake buɗe ƙofa aikinsa ne, shi ya buɗe mata.