Kifayen Tsohon Baho

Sarkin Famfo ake ce masa a unguwar, don da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga da sifana a hannu ba. Da gwiwa ta fara ba shi matsala sai ya ajiye aikin, ya jibge ragowar kayansa a ɗakin bayan gida. Ba a jima ba matarsa ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta dawo daga asibiti tana jan ƙafa, magana kuwa sai ta yi kokawa da harshe kafin kalma ta fito. Likita ya ce a riƙa fito da ita tsakar gida tana shan iska, amma ta ƙi. Mace ce da ba ta saba zama ba, ta ce me za ta fito ta kalla, bango?

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya yi shawara da zuciyarsa, ya sayo siminti, ya gina ɗan tafki daidai ƙofar ɗakinta. Ya jawo ruwa daga tankin da suke tara ruwan sama, da bututun jan ƙarfe da ya daɗe yana ɓoyo. Bai taɓa yarda da na roba ba, kullum cewa yake yi kayan ragwaye ne. Ya haɗa matatar ruwa ta yashi da gawayi, ya kuma shimfiɗa raga a sama don kada ganyen bishiyar gidan ya faɗa. Ruwa ya fito garau, ko allura aka jefa za a hango ta. Sannan ya je kasuwa ya sayo ƙananan kifaye jajaye.

Mai kifin ya yi masa gyara har sun yi wa tafkin yawa, sai ya zuba ragowar a wani tsohon baho da ke ƙarƙashin bishiya. Bahon nan daga bututu ɗaya yake shan ruwa da tafkin, sai dai babu mai kula da shi. Ganye ya cika shi ya ruɓe, ruwan ya koma kalar shayin da ya ji ganye.

Dabararsa ta ci. Matar ta fara fitowa da safe, tana zama a kujera, tana watsa wa kifayen abinci da hannun hagu. Har sunaye ta raɗa musu, akwai wani mai ƙaton ciki da ta ce shi ne maigidan sak.

Sai kifayen suka fara tasowa sama suna haki. Suka daina cin abinci, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Famfo ya ce ƙazanta ce. Ya kwashe ruwan, ya wanke tafkin tas, ya canza gawayi, ya sayo wasu kifayen. Su ma ba su yi nisa ba. Ya riƙa sammako yana tsame gawarwakin kafin ta fito, amma ba a ɓoye mata abu a gidanta. Wata safiya ta leƙa tafkin, sannan ta ce a mayar da ita ɗaki. Jikinsa ya yi sanyi ƙwarai.

Suna hanyar komawa ta tsaya, ta ɗaga sandarta ta nuna ƙarƙashin bishiya.

"Na bahon fa?" in ji ta, a hankali.

Ya ma manta da su. Ya je ya ture ganyen da hannu, sai ga su suna wutsil-wutsil, sun yi ɓul-ɓul, ko ɗaya bai mutu ba. Ya tsaya riƙe da ƙugu. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana raba mutane da ruwa mai datti, ga kifi ya zaɓi dattin.

Autarsu tana aiki a ɗakin gwajin ruwa, shi ya sa ya kira ta, ko da yake sai da ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ta zo ranar hutunta da kwalabe biyu, ta ɗebi ruwan tafki da na baho. Tana ganin bututun ta kalli ubanta ta gefen ido, amma ta ci gaba da aikinta, ta san halinsa.

Da ta dawo da sakamako ta zaunar da su duka biyu. Ta ce ruwan sama yana ɗan cin jan ƙarfe, musamman idan ya kwana a bututu, kuma ɗan abin da mutum ba zai ko ji a jikinsa ba ya isa ya kashe kifi. Ƙarfen yana manne wa jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, inda yake numfashi, ya lalata shi. Sarkin Famfo ya ce in haka ne ai na bahon ma sai su mutu, tunda uwa ɗaya ta shayar da su. Auta ta ce nan ne abin yake, domin ƙarfen da ta samu a kwalaben biyu kusan ɗaya ne.

"Baba, ganyen da ya ruɓe yana sakin wani abu a ruwa, shi ne wannan kalar da kake ƙyama. Abin nan yana cafke ƙarfen ya riƙe, sai kaɗan ne ke kaiwa ga kifin. Kai kuma ka sa gawayi ya tace shi kaf, ka bar su da ƙarfen tsirara."

Matar ta fara dariya, irin wadda rabonta da ita tun kafin ciwon, har sai da ta share hawaye da bayan hannu. Ta ce tsabtar Malam ce ta yi kisa. Shi ma ya murmusa, yana sosa ƙeya.

Ya so ya tsira da bututunsa. Ya ce to shi ke nan, sai a cika tafkin da ganye a huta. Auta ta girgiza kai, ta ce ganye rage kaifin dafin yake yi, ba ya fitar da ƙarfen daga ruwa, kuma idan ya yi yawa zai shanye iskar da kifin ke shaƙa. A cire bututun tukuna, sannan a riƙa sa busasshen ganye daidai misali.

Ranar da ya sayo na roba, a cikin buhu ya shigo da shi don kada tsofaffin abokan aikinsa su gani. Ya cire gawayin, ya naɗe ragar, ya kwaso kifayen bahon ya mayar da su tafki. Aikin ganye kuwa matar ta ce nata ne. Auta ta ba ta shawara ta riƙa tsinta da hannun daman, ko da zai kufce mata. Da farko yana kufcewar, ta yi tsaki ta sake. A hankali yatsun suka fara kamawa.

Ruwan ya yi ja-ja, ba a ganin ƙasansa sosai, kuma har yanzu idan baƙo ya shigo Sarkin Famfo kan yi sauri ya bayyana cewa da gangan aka bar shi haka. Gwajin da Auta ta sake yi ya nuna ƙarfen ya ragu ƙwarai.

Da ruwan sama ya kankama, wata safiya suka tarar da kwaɗo zaune a bakin tafkin, ba wanda ya san ta inda ya shigo. Sarkin Famfo ya ɗauko tsintsiya zai kore shi, matar ta hana. Suka buga wa Auta waya ta raba gardama, ta ce a bar shi, fatar kwaɗo ba ta jure gurɓataccen ruwa, in ya zauna alama ce mai kyau. Sarkin Famfo ya ce ya ji, amma duk ranar da baƙon ya gayyato danginsa, ita da uwarta za su san inda za su kai su. Ya jingine tsintsiyar, ya je ya ɗora musu ruwan zafi.