Minti Biyu a Gaban Kwamiti

Dakta Tayyiba Sabo 'yar Zariya ce, ta bi yayanta Haidar zuwa Amurka tana budurwa, ta yi karatun gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi, wanda ake yi da hannu ba tiyata ba allura. A shekarar 2004 ta buɗe ɗan ƙaramin asibitinta a Laurel, tsakanin wani shagon wanki da mai sayar da waya. Mahaifiyarta in an tambaye ta aikin 'yarta sai ta ce mai ɗori ce irin ta Turawa. Tayyiba ta yi ta gyara mata maganar har ta gaji ta bari.

Yawancin masu zuwa wurinta mutanen da suke ci da bayansu ne: masu lodi a manyan sito, masu gadi da ke yini a tsaye, da mata masu kula da tsofaffi, waɗanda ke ɗaga mutum daga gado zuwa kujera sau goma a rana. Tana iya taimaka musu, kuma tana yi. Abin da ba ta iya ba shi ne sa hannu a fom ɗin da zai sa a sassauta wa ma'aikaci aiki har ya warke. Wannan sai likitan asibiti. Sai mutum ya ƙara ɗaukar hutun yini guda, ya je ya yi layi a wani wuri, a duba shi minti biyar, a sa hannu a ƙarƙashin abin da ita ta riga ta rubuta. Da yawa ba sa zuwa. Su ɗaure ƙugu su koma bakin aiki, bayan wata guda su dawo mata a karkace.

Ta yi wannan ƙorafin a taron shekara na ƙungiyar masu sana'arsu. Shugaban taron ya saurare ta da kyau, ya ce magana ce mai kyau, sannan ya rubuta sunanta a kwamitin harkokin majalisa. Da haka aka fara.

Ƙungiyar tana da mai yi mata kamun ƙafa a majalisar jiha, wata dattijuwa Pauline, mai takalmi marar tudu da jaka kamar ta mai tafiya aikin Hajji. Ranar farko a Annapolis, garin da majalisar take, ta ce wa Tayyiba ta manta da duk bayanin da ta shirya. Ɗan majalisa, in ji ta, yana ba ki lokacin da zai ɗauka daga ƙofar ofishinsa zuwa lifta ne kawai, kuma ba ruwansa da jijiya; ki gaya masa mutum nawa daga mazaɓarsa ke kwanciya a gadonki. Ƙudurin nasu, na a ba masu sana'arsu ikon sa hannu a fom ɗin, bai kai rabin shafi ba. Tayyiba ta ɗauka kafin bazara an gama.

Majalisa tana zama daga Janairu zuwa Afrilu. Duk Talata da Alhamis sai ta rufe asibiti, ta kama hanya da sassafe, ta yini tana tsaye a baranda da takardu a hannu. Ta koyi murmushi ga mutumin da ke duba agogo. Ta koyi sunayen sakatarori da na 'ya'yansu. Ta san wani lungu a bayan matakala inda take shimfiɗa mayafi ta yi Azahar a gaggauce. Shekarar farko shugaban kwamitin majalisar bai ma sa ƙudurin a ƙuri'a ba. Pauline ta ce haka ake yi, shekarar farko ta gabatar da kai ce. Shekara ta biyu tattalin arziki ya rikice, ba mai sauraron komai sai maganar kasafin kuɗi.

A shekara ta uku Pauline ta ce su kawo mara lafiya ya yi magana da bakinsa. Tayyiba ta roƙi Malam Abdou, wani Bamaradi mai tuƙa motar kai kaya, wanda ya taɓa yin wata uku yana sauke firiji da ciwon ƙugu saboda bai samu ranar zuwa neman sa hannu ba. Bai so ba, amma yana jin kunyarta.

"Lokotoro, in dai ke kin ce yana da amfani, zan zo," in ji shi, don haka yake kiran likita.

Ya zo cikin babbar riga da hula, ya haddace abin da zai faɗa da Turanci. An sa zaman ƙarfe ɗaya. Ƙudurori goma sha huɗu ne a gabansu. 'Yan kwamiti suna shiga suna fita, wasu suna cin abinci a kan takardu. Suna cikin jira ne Tayyiba ta je duba jerin masu ba da shaida da aka liƙa a ƙofa, sai ta ga a ɓangaren masu adawa, layi na biyu, an rubuta Dakta Haidar Sabo, a madadin ƙungiyar likitoci.

Yayan nata likitan tiyatar ƙashi ne a wani asibiti a Baltimore. Shi ya biya mata karatu shekara biyun farko. Ranar Lahadin da ta wuce ma a gidansa ta ci tuwo, sun yi hirar makarantar yara, bai ce mata uffan ba.

Wajen ƙarfe biyar da rabi aka kira su. Kowane mai shaida minti biyu gare shi, akwai 'yar fitila a kan tebur. Malam Abdou ya fara da gaisuwa, kamar yadda ya dace a gaban manya: ya gode wa shugaba, ya gode wa 'yan kwamiti, ya faɗi sunansa da garinsu da shekarunsa a ƙasar. Ya iso kan maganar firiji ke nan fitila ta yi ja. Shugaban ya gode masa cikin ladabi, ya kira na gaba. Abdou ya miƙe a hankali, yana dafe da tebur.

Haidar bai ɓata daƙiƙa ba. Ya ba da labarin wani mutum da aka yi wata huɗu ana danna masa baya, ashe ciwon daji ne ya ci ƙashin. Lokacin da ya iso hannunsa babu abin yi. Ya ce sa hannu na biyun da ake kuka da shi, wani lokacin shi ne ido na biyu. Bai dube ta ba. Ita kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san labarin gaskiya ne, don ya taɓa ba ta shi a kicin ɗinsa, idonsa ya yi ja.

Ta same shi a wurin ajiye motoci.

"Yaya, ko a waya ai sai ka gaya mini."

"Da na gaya miki, sai ki ce in janye. Ni kuma ba zan janye ba." Ya buɗe ƙofar mota ya tsaya. "Ba ke nake tsoro ba, Tayyiba. Na san aikinki. Amma ba sunanki za a rubuta a dokar ba."

Ta ce masa mutanenta ba sa zuwa wurin ido na biyun, komawa ɗaukar kaya suke yi. Ya ce ya sani. Suka tsaya haka, sanyi yana shiga musu hannun riga, sannan ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce ta ci, alhali ba ta ci ba.

Ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a uku. A hanyar komawa Laurel Malam Abdou ya ba ta haƙuri, wai shi ya ɓata mata aiki da doguwar gaisuwa. Ta rasa inda za ta sa kanta. Kafin ƙarshen shekarar ya bar tuƙin, ya koma wurin wani ɗan'uwansa a Ohio. Ya turo mata saƙon barka da Sallah sau biyu, daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Tsakaninta da Haidar ba a yi faɗa ba. Tana gaishe shi kamar kullum, yana amsawa kamar kullum. Tuwon Lahadi ne ya koma na wata-wata, sannan na Sallah. Mahaifiyarsu ta kira daga Zariya ta ce ta ji wai sun kai juna kotu. Tayyiba ta yi ta bayani cewa majalisa ce ba kotu ba, tsohuwa ta ce ita dai ba ta haifi 'ya'ya don su je gaban Turawa suna ƙaryata juna ba.

Sai aka yi zaɓe, ɗan majalisar da ke ɗauke da ƙudurinsu ya faɗi. Rabin sakatarorin da ta haddace sunayen 'ya'yansu suka kwashe kaya. Aka koma farko: ofis-ofis, ƙofa zuwa lifta, bayani iri ɗaya da bakinta yake faɗa ba tare da ta yi tunani ba. Marasa lafiya da suka tarar da ƙofa a rufe ranar Talata wasu suka canza wuri. 'Yarta Mardiya, wadda take aji biyu lokacin da aka fara, ta daina tambayar ko za ta zo wasan makaranta. Sai dai ta liƙa takardar gayyatar a firiji ta wuce. Tayyiba da kanta ta fara jin wani zafi a ƙasan baya, na tsayuwa a kan daɓen dutse, ta san sunansa da maganinsa, ba ta da lokacin yi.

Sabuwar 'yar majalisar da ta karɓi ƙudurin, Olive, tsohuwar nas ce, ba ta da haƙurin jayayya. Ta tara ɓangarorin biyu a wani ɗaki marar taga, ta ce su kawo mata abu ɗaya da duka za su iya rayuwa da shi, in ba haka ba ita ma ta ajiye. Likitoci suka turo mutum uku, Haidar a tsakiya.

Zama huɗu aka yi. A na ƙarshe sauran suka fita shan kofi, aka bar ta da Haidar su biyu da takarda a tsakani. Ya juya harshe zuwa Hausa, abin da bai taɓa yi a ɗakin ba.

"Sassaucin kwana goma sha huɗu za ki iya sa wa hannu. In ya wuce haka bai samu sauƙi ba, ki turo mini shi."

"Talatin muka nema, Yaya."

"Na sani. Goma sha huɗu zan iya kai wa mutanena ba su kore ni ba."

Ya jawo takardar ya rubuta alamomi shida waɗanda in an gan su ba a jira ko kwana ɗaya: zazzaɓi, ramewa ba dalili, mutuwar ƙafa, da sauransu. Ta karanta. Duk abubuwan da take dubawa ne tun ranar da ta fara aiki. Ta so ta faɗa masa haka, sai ta ji ba ta da ƙarfin, ta ce to.

A taron ƙungiya wasu suka ce ta sayar da su wa ɗan'uwanta. Wanda ya fi ɗaga murya bai taɓa taka Annapolis ba. Ta bar shi ya gama. A wannan shekarar ƙudurin ya wuce zaure ɗaya, ya maƙale a layi a na biyu har zaman majalisa ya ƙare. Pauline ce ta kira ta da safe ta gaya mata, muryarta a dushe, ta ce saura ƙudurori biyu a zo kansu.

A 2013 ya wuce, ba mai adawa, ba wanda ya ko ɗaga kai daga wayarsa lokacin ƙuri'a. Ranar da gwamna zai sa wa dokar hannu aka jera su a bayan tebur, Tayyiba a sahu na uku, aka ɗauki hoto, aka ce su ba na gaba wuri. Duka bai kai minti ɗaya ba. A hoton rabin fuskarta ne ya fito, bayan kafaɗar wani. Ta zauna a mota ta cire takalmi, tana jira ta ji wani abu. Ƙafafunta kawai take ji.

Dokar ta fara aiki a Oktoba. Ta farko da ta sa wa hannu wata Hannatu ce, mai kula da tsofaffi a Hyattsville, wadda ta gurɗe ƙugu wajen tare wata tsohuwa da ta zame a banɗaki. Bayan kwana uku Hannatu ta dawo da fom ɗin: kamfaninsu sun ce ba su da gurbin irin wannan likita a takardarsu. Tayyiba ta kira, aka haɗa ta da wani, wanin ya haɗa ta da wata. Ta tura musu kwafin dokar, suka ce sai lauyansu ya duba. A rana ta tara suka amince. Hannatu ta samu kwana biyar na sassauci, ta yi godiya kamar an ba ta wata guda.

A taron ƙungiya na Disamba Tayyiba ta ce a cire ta daga kwamiti. Shugaba ya yaba mata, aka tafa, sannan ya tambayi wa zai karɓa, domin akwai sabon ƙuduri kan inshora. Kowa ya sami abin dubawa a cikin kofinsa. Ta san in ta ƙara minti biyar a zaune za ta ji bakinta yana cewa to, shekara ɗaya kawai. Sai ta ɗauki jakarta, ta ce an yi hasashen ƙanƙara a hanya, ta fita.

Talatar farko ta Janairu ta buɗe asibiti ƙarfe takwas. Mutum huɗu ne kawai suka zo, don mutane sun saba ranar a rufe take. Pauline ta kira sau biyu tana tsakiyar aiki. Da Tayyiba ta sallami na ƙarshe ta kira ta, suka gaisa sosai, ta tambaye ta ya ciwon gwiwa. Pauline ta ce ba ta nemi komai ba sai wasiƙa ɗaya zuwa ga kwamitin majalisa kan ƙudurin inshorar, shafi ɗaya, ba sai ta zo ba. Tayyiba ta ce a turo mata ƙudurin ta karanta.