Jakar 'Yar Rakiya

"Ka ɗinka mini jaka, in bar maka wannan," in ji tsohon Direba, ya ajiye baƙin takalmin fata a kan bencin Baduku.

Baduku ya juya takalmin, ya ƙwanƙwasa dunduniyar da farce. Takalmin kamfani ne, na zamanin da ake yin abu don ya daɗe.

"Jakar me? Ko ka yi kuɗi ne ba mu ji ba?"

Direba ya zaro wata na'ura daga aljihu, faɗinta kamar tafin hannu. Irin wadda ake mannawa a gilashin mota ce, tana faɗa wa mutum hanya da muryar mace. Shekara tara tana gabansa a motar kamfani. Ranar da aka sallame shi saboda rawar hannu, aka ce ya tafi da ita, ai ita ma ta tsufa. 'Yar Rakiya yake ce mata.

"A ƙirji nake so ta zauna, da igiya a wuya. Ka huda mata wurin magana. Hannun dama na sanda ne, na hagu kuwa ka ga yadda yake kaɗa ganga ba a sa shi ba."

"Kai da ka san kowane titi kamar aljihunka, yau mace za ta ja ka?"

"Ɗinka kawai, malam. Surutunka ya fi zarenka tsawo."

Suka tafa, ciniki ya faɗa.

Abin da bai gaya wa Baduku ba shi ne, sau biyu ke nan yana ɓata. Kullum da safe yakan taka zuwa tasha, ya zauna a bencin tsofaffin direbobi, a yi gardamar inji da zagin makanikai, da rana ta take ya dawo. Tafiyar minti ashirin ce, ta lungu, sai a haye wata 'yar gadar katako a kan kwata. To, rannan sai ya tsaya a mararraba, hanyar ta goge daga kansa fes, kamar an wanke allo. Karo na biyu ɗan sanda ne ya kawo shi gida.

Auta, 'yarsa da yake zaune a wurinta, ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a gabansa da kayan aikinta a jiki, ta ce, "Baba, ni asibiti nake wuni. In aka yi na uku, wallahi kulle ƙofa zan riƙa yi in zan fita. Ka yafe ni tun yanzu."

Ya san za ta aikata, halin uwarta ta ɗauko. A gidan nan shi "Baba, ka sha magani?" ne. A tasha kaɗai ake ce masa Direba.

Jaka ta yi kyau, ba laifi. Ya sayo wayar caji, ya riƙa cika na'urar a ɗakinsa, ya rataya ta a ƙarƙashin riga don kada 'yan benci su samu abin dariya. Kwana uku yana zuwa yana dawowa da kansa, bai ko kunna ta ba. Har ya fara jin haushin takalminsa.

A rana ta huɗu, a wannan mararraba dai, abin ya dawo. Ga mai faci, ga shagon magani, duk ya san su, amma bai san inda suka dosa ba.  Ya laluba ƙirji, ya kunna ta, ya danna hoton gida, ya mayar da ita cikin riga.

"Ci gaba kai tsaye," in ji 'Yar Rakiya. "Saura minti shida."

Sai da ya yi dariya shi kaɗai. "Yauwa, 'yar albarka!"

Lungun gidansu na nan a damansa, taku goma. Amma ita ba ta san lungu ba, ba ta san gadar katako ba. A wurinta har yanzu shi mota ne. Titin da ya fi kusa kuwa mai hannu ɗaya ne, don haka ta ɗauke shi zagaye ta babban titi. Shi ma bai ga aibu ba, ai haka ya saba shekara arba'in yana tuƙi. Kafin ya sha kwana har hannu yake miƙawa, wai sigina.

Minti shidan nan na mota ne. Ya yi tafiya har silifas ya fara cin yatsunsa. Shaguna suka ƙare, gefen masu ƙafa ya ƙare, sai ƙarfen shinge da manyan motoci suna wucewa, iskarsu na neman kayar da shi.

"A hau gadar sama, a riƙe hagu."

Ya hau. Wani direban tirela ya danna masa hon, ya leƙo. "Kai tsoho, ka gaji da duniya ne?"

A tsakiyar gadar ta yi wata 'yar ƙara sau biyu. A mota, daga jikin mota take shan wuta, ba ta taɓa yin awa guda da cikinta kaɗai ba. Gargaɗin ƙarewar caji ya daɗe a fuskarta, amma fuskar na cikin riga.

Ya tsaya yana jira. "Ina kuma? Dama ko hagu?"

Shiru.

Ya fito da ita, ya girgiza, ya hura mata iska, ya goge ta da hannun riga. "Haba, 'yar nan. Shekara tara ban taɓa saɓa miki ba. Kwana ɗaya tak za ki faɗa mini in sha."

Baƙin gilashi ne kawai, da fuskar wani tsoho a ciki. Ya jingina da ƙarfen gada, ya dubi rufin gidaje birjik a ƙasa. Ɗaya nasu ne. Ya sulale ya zauna.

Wani direban bas na tasharsu ne ya gane shi. Ya tsaya, ya ɗora shi a gaban fasinjoji, ya kira lambar da Auta ta dinga cusa masa a aljihu. Kafin yamma labari ya kai benci.

Auta ta zo ta tafi da shi gida. Ta jiƙa masa ƙafa a ruwan ɗumi, tana share ido da kafaɗa. Ta ga jakar a wuyansa, ta taɓa ɗinkin, ta sake shi. Washegari kafinta ya zo da sabon kwaɗo.

Yanzu tagar falo ce tasharsa. Yakan kunna 'Yar Rakiya a jikin caji, ya danna hoton gida, ta ce masa ya iso.

Kafinta ya samu aikin yini. Baduku ya samu takalmi, yakan wuce ta gaban tagar sanye da shi, ya ɗaga hannu ya ƙara sauri. 'Yan benci sun samu labarin mako guda, daga nan wani ya gaje wurin zamansa. Auta ta samu natsuwa a wurin aiki, ta rasa iya kallon mahaifinta in tana murɗa makulli. Shi kuwa Direba, jaka ce ribarsa. Titi kuwa gaba ɗaya ya kuɓuce masa.